Jar Tuta a Safiyar Ista

Abu uku aka ce ba za su yiwu ba a shekarar da mahaifiyarku ta rasu, kuma kowannensu na ji shi da kunnena daga bakin mutanen da ake ganin sun sani. Fasto Danladi, matashin da aka turo mana Mpape da digiri biyu, ya ce ba wanda zai iya jera labaran Bishara huɗu na safiyar da Yesu ya tashi daga matattu a kan layi guda ba tare da sun yi karo da juna ba. Malamansa ma, in ji shi, sun gwada sun haƙura. Dattawan ikkilisiya suka ce Mama Ladi da Mama Asabe, shugabannin zumuntar mata, ba za su sake bin hanya ɗaya ba har a busa ƙaho. Likita kuwa, bayan ya sake duba hoton ƙashin ƙugun mahaifiyarku Rifkatu, ya ja ni gefe ya ce kada mu sa rai za ta sake miƙewa da ƙafafunta, kuma da wuya zuciyarta ta kai ta damina biyu. Dukan ukun sun faru a safiya guda, a ƙofar gidan nan. Domin ku nake rubuta wannan, Hannatu da Bulus, ku da 'ya'yanku, saboda na ji yadda ake ba da labarin idan an zaci na yi barci a kujera: wai shekarar da Baba ya tare mata da jar tuta. Na tare su, ban musa ba. Amma ba daga nan labarin ya fara ba, ba kuma a nan ya ƙare ba, kuma ban yarda a mayar da ni abin dariyar bayan cin tuwo ba.

Ba zan gajiyar da ku da sunayen makarantun da na yi ba. Ya isa ku san cewa malamanmu bulala ce a hannu ɗaya, agogo a ɗaya hannun, kuma daga wurinsu na wuce aikin jirgin ƙasa, na yi shekara talatin da huɗu a cikinsa, ashirin daga ciki ina shugaban tasha. Layin dogonmu guda ɗaya ne. Jirgin kudu da jirgin arewa a kan ƙarfe ɗaya suke tafiya, saboda haka duk aikina shi ne kada su haɗu sai a wurin da aka tanada domin su kauce wa juna. Da takarda mai layi-layi ake yin wannan: lokaci a gefe, tashoshi a sama, kowane jirgi da zanensa. Inda zane biyu suka gitta a tsakiyar daji, nan mutane za su mutu. A hannuna ba su taɓa gittawa ba. Na yi ritaya da agogon aljihuna, da usur, da tutoci biyu, ja da kore, kuma har yau Baba Mai Tasha ake ce mini a unguwar nan, ko da yake rabin masu faɗin haka ba su taɓa shiga jirgi ba.

Fitar asubar Ista kuwa mahaifiyarku ce ta kafa ta. Lokacin da muka gina gidan nan a gindin tudu, gidaje ba su yi yawa a Mpape ba, kuma masu fasa dutse sun bar wani kogo can sama wanda mutum zai iya shiga a sunkuye. Ranar da ta fara ganinsa ta ce, ai wannan kabari ne da aka sassaƙa a dutse. Tun daga shekarar nan, kowace Lahadin Ista mata sukan taru a coci cikin fararen kaya, su hau tudun da turare a tasa, kamar matan nan da suka tafi shafe jikin Ubangiji, su leƙa kogon su tarar ba kowa, sannan su gangaro da waƙa suna buga ƙofofi. A kowace ƙofa su ce ya tashi, a amsa musu daga ciki, hakika ya tashi. A gidanmu koko da ƙosai suke jiransu. Rifkatu ba ta taɓa duba agogo ba. In ta ɗaura kallabi ta ce mu tafi, sai a tafi.

Da ta faɗi a bayi ƙugunta ya karye, ta kwanta, sai aka rasa mai cewa mu tafi. Mama Ladi, wadda take sayar da kifi a Kado, ta saba fita tun zakara bai gama cara ba, sai ta riƙe Bishara ta huɗu, wadda ta ce da sauran duhu aka tafi kabarin. Mama Asabe, tsohuwar malamar firamare, ta riƙe ta biyu, wadda ta ce rana ta riga ta fito. Mata suka rabu gida biyu, kowane gida da aya a baki. A shekara ta uku da kwanciyar Rifkatu, masu duhu suna gangarowa, masu rana suna hawa, suka yi kiciɓis a matsatsin hanya, aka yi ta musayar maganar da ba ta dace da fararen kaya ba, har tasar turare ta gangara rami. Kowa ya watse gidansa cikin fushi. Mahaifiyarku tana kwance a ɗaki cikin farin zanenta, ta sa an buɗe mata taga, tana sauraro har koko ya huce ya yi fata a sama. Ba wanda ya buga ƙofar. Sai ta ce a raba wa maƙwabta ƙosan kada ya lalace.

Da damina ta sauka majalisar dattawa ta zauna a kan maganar, Fasto ya kawo shawara a soke fitar gaba ɗaya.

"Baba, ka duba da kanka," in ji shi, yana buɗe shafuka. "Ta farko ta ambaci mata biyu, ta biyu ta ambaci uku, ta uku ta ce suna da yawa, ta huɗu Maryamu Magadaliya kaɗai ta ambata. Nan mala'ika ɗaya, can biyu. Nan duhu, can rana. Ban ce akwai ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Kowace da saƙonta. Amma in za a hau tudu, dole a zaɓi ɗaya, in an zaɓa kuwa faɗa ne. Gara a karanta a coci kowa ya tafi gida lafiya."

"Fasto," na ce, "ka taɓa tsayawa a tasha?"

"Tashar mota dai, Baba."

"Mutumin da yake tashar farko zai ce maka jirgi ya tashi da duhu. Wanda yake ta ƙarshe zai rantse da rana ya gan shi. Wanne ne maƙaryaci a cikinsu?"

Dattijo Haruna, wanda muka yi shekaru muna zama a benci ɗaya, ya gyara hularsa ya ce, "Mai Tasha, wannan fa ba jirgin gyaɗa ba ne."

Aka yi dariya, har da Fasto, ko da yake ya rufe baki. Na bari suka gama. Sannan na miƙe na ce su ba ni zuwa Ista mai zuwa: zan kawo jadawali guda wanda Bishara huɗun za su tafi a kansa, kuma ba a takarda kaɗai ba, a kan tudun nan da ƙafafun mutane. In zane biyu suka gitta, su soke fitar, ni kuma in ajiye kujerata a majalisa. Aka rubuta haka a littafin taro.

Da na gaya wa mahaifiyarku, sai ta juyo da kanta a kan matashi ta dube ni.

"To, Baban Hannatu, yanzu manzanni ma tikiti za ka yankar musu?"

"Jera su zan yi."

"Ka jera. Amma ka ji ni da kyau, ni ba takarda nake so ba. Muryar matan nan nake so in ji a ƙofar nan sau ɗaya kafin in tafi."

"Ina za ki?"

"Kada ka yi mini haka. Ƙuguna ne ya karye, ba kunnena ba. Na ji abin da likita ya gaya maka a bakin ƙofa."

Daga ranar nan teburin cin abinci ya zama ofishina. Na sayo manyan takardu na ja musu layi da kaina, na ba kowace Bishara kalar tawadarta, na kwafe kowane motsi da aka ambata: wa ya tashi daga ina, ya nufi ina, da wa ya haɗu. Daga Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji na fara, domin ba a fara jadawali daga tsakiyar tafiya. Mafi yawan Jumma'ar ta tafi lafiya. Duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku, Yesu ya saki ransa wajen ƙarfe ukun, aka yi hanzarin sa shi a kabari kafin faɗuwar rana, domin da faɗuwarta ranar hutu take shigowa. Amma a wuri ɗaya na tsaya cak. Bishara ta biyu ta ce da hantsi aka gicciye shi, wajen ƙarfe tara. Ta huɗu kuwa ta nuna shi tsaye a gaban gwamna wajen tsakar rana, ba a ma yanke hukunci ba tukuna. Na yi wata guda a kan wannan. Na ji masu cewa irin ƙirgen sa'o'i biyu ne daban-daban, na ji masu cewa mutanen da ba su da agogo ƙiyasi suke yi da inuwa; na auna duka, mai yiwuwa ɗaya a cikinsu ne gaskiya, amma ba abin da zan iya sa hannu a kansa. Sai na zana akwati a wurin, na bar shi fari, na rubuta a gefe cewa ba a tabbatar ba. Da Dattijo Haruna ya zo dubiya ya gani, ya ce in cike shi da abin da ya fi kama da gaskiya, kada in ba Fasto abin riƙewa. Na ce masa a reluwe wanda ya cike gurbi da abin da ya fi kama da gaskiya korarsa ake yi, kuma ban tsufa domin in koyi abin da na ƙi ina saurayi ba. Shafin Asabar kuwa ba zane ko ɗaya a kansa, domin ba wanda ya motsa. Da na nuna wa Rifkatu shi, ta shafa shi da yatsa ta ce, "Wannan shafin nawa ne, ka rubuta sunana a sama."

Lahadin ce ta cinye mini rani. Maganar duhu da rana ba ta da wuya: tafiya ce mai tsawo, an tashi da duhu, an isa da rana. Maganar yawan matan ma ba ta dame ni ba, domin wanda ya ce ya ga tarago biyu bai ce jirgin tarago biyu ne kaɗai ba. Abin da ya hana ni sakewa shi ne hanya. Bishara ta huɗu ta ce Maryamu, da ganin an kawar da dutsen, ta ruga ta kira almajirai biyu, suka zo a guje. Sauran kuwa sun ce matan sun ji saƙon mala'ika, suka fito suka nufi gari. To, in hanya ɗaya ce, maza biyun nan suna hawa, matan suna gangarowa, dole su haɗu, kuma da sun haɗu da wani ya faɗa. Ba wanda ya faɗa. A takardata zanen biyu suna gittawa a tsakiyar daji, ko ta yaya na juya su. Na shiga hawan tudun kowace safiya da agogo a hannu, ina auna tafiyar tsohuwa da gudun saurayi, har gwiwoyina suka fara kuka.

A nan Jauro ya same ni, makiyayin da rugarsa take bayan tudun, wanda matarsa take kawo mana nono tun kuna makaranta. Ya jingina da sandarsa yana kallona.

"Mai Tasha, jirgi ne ya ɓace maka a kan dutse?"

Na zauna na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa sabon ma'aikaci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi.

"Kai kullum hanyar tifa kake bi, ta masu ɗaukar dutse. Tudun nan hanya uku gare shi. Ni da ƙanena mukan wuni muna neman juna a kansa, yana hawa ina sauka, ba wanda ya ga wani. Addininku naku ne, Malam, amma tudu na kowa ne. Tashi in nuna maka."

Ya nuna mini hanyar rijiya, gajeriya mai tsini, wadda take faɗowa daidai bayan coci, da hanyar mangwaro, doguwa, wadda take zagayowa ta bayan gidaje har ƙofarmu. Shekara talatin da huɗu a kan layi guda sun sa na manta cewa garin mutane ba layin dogo ba ne, kuma birnin da aka gicciye Ubangiji ba zai rasa lunguna ba. Na koma gida na ƙara layi biyu a takarda, sai zanen suka rabu kamar an tsefe gashi.

Ga yadda jadawalin ya tsaya. Ƙarfe shida saura minti ashirin mata za su tashi daga coci ta hanyar tifa, da sauran duhu, su isa kogon ƙarfe shida da minti ashirin, rana tana leƙowa. Hannatu, ke ce Maryamu: da hango tsohon murfin tankin da muka sa a matsayin dutse an mirgine shi, za ki rabu da su ki gangara ta hanyar rijiya, ki kira Bulus da abokinsa, su hau a guje ta nan, ke kina biye da su. Sauran matan za su bar kogon ta hanyar mangwaro. Bishara ta biyu ta ce tsoro ya kama su har ba su gaya wa kowa komai ba, ta farko kuma ta ce sun tafi sun ba da labari. Sai na ce tsoro yana da iyaka, na ba shi minti ashirin, su zauna shiru a gindin mangwaron. A cikin wannan lokaci mazan za su leƙa su koma, Maryamu ta rage ita kaɗai tana kuka, ita ce ta fara ganin Ubangiji, ita ce kuma za ta fara isowa da labari. A shekarar nan ƙofarmu ce za ta zama ta farko, a matsayin gidan da almajirai suke. Hannatu ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar, sauran mata bakwai da rabi.

Na tafi Kado na sami Mama Ladi a bayan tirenta, na ce mata da duhu za a tashi.

"Oga Mai Tasha, in dai da duhu ne, ba wahala. Ka gaya wa malamar taku ta sayi tocila."

Na je gidan Mama Asabe na ce mata da rana za a isa.

"Abin da nake faɗa ke nan tun shekara uku," in ji ta. "Amma mai kifi ba ta karatu sai ihu."

Kowace ta shiga gari tana cewa ita ta yi nasara, ni kuwa ban gyara wa kowa ba.

Safiyar Ista na sallami matan daga coci da koriyar tuta, na dawo gida na tsaya a gaban ƙofa, agogo a hagu, tutoci a hammata. Rifkatu tana ciki ita kaɗai, Hannatu ta riga ta ɗaura mata farin zane da kallabi kafin ta fita, taga a buɗe, koko a kan wuta. Daga inda nake ina hango kan tudun. Na ga fararen kaya sun isa kogon daidai da fitowar rana. Na ga ɗigo ɗaya ya rabu ya gangara. Na ga biyu sun hau a guje bayan taron ya ɓace ta bayan dutse, ba wanda ya ga wani. Ban ɓoye muku ba, na ji ƙirjina ya cika kamar ranar da aka fara ba ni tasha.

Ƙarfe bakwai da minti goma sha shida na ji waƙa. Ba daga nesa ba, daga kwanar gidan mai wanki. Suka fito, Mama Ladi da Mama Asabe a gaba, kafaɗa da kafaɗa, sauran a bayansu cike da lungu. Daga baya na sami labarin abin da ya faru: sun zauna a gindin mangwaro kaɗan, sai Mama Asabe ta ce, Rifkatu tana can tana jira mu kuma muna zaune muna kallon tururuwa? Mama Ladi ta ce, karon farko ke nan da kika faɗi magana mai hankali. Suka miƙe. Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne jirgi yana shigo mini tasha minti tara kafin wanda ya kamata ya riga shi. Na ɗaga jar tuta, na busa usur. Kada wani ya ce muku hannuna ne ya riga hankalina. Da sanina na ɗaga ta. Na yi wa majalisa alkawarin jeri, kuma a jerin Maryamu ce ta farko.

Waƙar ta yanke.

"Malam Ishaya, ba mu hanya," in ji Mama Asabe.

"Ba lokacinku ba ne. Maryamu ba ta iso ba."

"Oga," in ji Mama Ladi, "matarka tana ciki tana jira, kai kana maganar minti?"

"A takarda kuna gindin mangwaro yanzu. Kuna jin tsoro."

"Mun gama jin tsoron!"

Wasu suka fashe da dariya, na sake busa usur, aka yi tsit. Na tsaya da tuta a sama, idona a kan agogo. A cikin shirun nan na riƙa jin wani ƙara daga bayana, kamar ana jan abu a siminti, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta shiga tsakar gida. Ban waiwaya ba. Na ga dai fuskokin matan da suke gabana suna sauyawa, Mama Asabe ta kai hannu baki, sai na ji an buɗe ƙofa a bayana.

Mahaifiyarku ce. Kujerar robar da take gefen gadonta ta kama, ta miƙe a kanta, ta yi ta tura ta taki ɗaya-ɗaya daga ɗaki, ta ratsa falo, har bakin ƙofa. Minti shida ta yi a tafiyar da ba ta fi taki goma sha biyar ba. Zufa ta jiƙe kallabin, amma a tsaye take.

"Ishaya."

Shekara arba'in da shida da aurenmu ba ta taɓa kiran sunana a gaban mutane ba sai ranar.

"Sojojin da aka sa gadin kabari ma, da suka ga abin da ya faru, zubewa suka yi. Kai kaɗai ka rage a tsaye. Sauke ƙyallen nan."

Na sauke. Ta ɗaga kai ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda takan dube su a da kafin ta ce mu tafi.

"To? Me kuka tarar a can?"

"Ya tashi!"

"Hakika ya tashi," in ji ta, kuma har gidan mai wanki an ji.

Sannan ƙafafunta suka saki. Mama Ladi ta tare ta a dama, Mama Asabe a hagu, suka zaunar da ita a kujerar nan a bakin ƙofa, suka durƙusa a gabanta su biyun suna kuka suna waƙa. Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar daidai, ba ƙari ba ragi, Hannatu ta faɗo lungun tana haki da saƙonta a baki, ta tarar ana raba koko. Na duba agogo na rubuta. Fasto, wanda ya bi mazan sama da ƙasa domin ya gani da idonsa, ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba, ba su haɗu ba. Ko inuwar juna ba su gani ba." Dattijo Haruna bai sake ambaton jirgin gyaɗa ba.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Minti shidan nan sun ci zuciyarta. Washegari muka kai ta asibiti, aka riƙe ta mako guda, aka dawo da ita, ba ta sake ko zama ba sai an tallafe ta, kuma kafin damina ta kankama ta tafi. Bulus, bayan mun dawo daga binne ta, kana tsaye a gindin tankin ruwa ka ce mini, "Baba, agogonka ne ya ƙarasa ta." Ban amsa maka ba, domin ba ranar amsa ba ce. Ka daina kwana a gidan nan tun daga lokacin, kana zuwa ka gaishe ni a tsaye ka koma Karu. Yau zan amsa. Kwana uku kafin ta rasu, ina ba ta kunu a cokali, ta ture hannuna ta ce mini haka, kuma na rubuta shi a ranar domin kada tsufa ya gyara mini shi:

"Baban Hannatu, da ka bar su sun shigo, da a kwance za su same ni, su tsaya a kaina kamar masu gaisuwar mutuwa. Shekara uku kowa daga sama yake kallona. Ranar nan ido da ido na kalle su. Ba wai ka yi daidai ba ne, ka ji. Wauta ka yi, irin taka. Amma kada ka ba kowa haƙuri a kanta."

Saboda haka ban ba da haƙuri ba, ba zan kuma bayar ba, ko ga majalisa, ko ga zumunta, ko gare ku. Minti shidan nan nawa ne, ina ɗauke da su, kuma na fi ku sanin nauyinsu, domin ni nake kwana a ɗakin da aka jawo kujerar daga cikinsa. Wanda zai tambaye ni su yana can sama, kuma ba a teburin cin tuwo yake zaune ba. Har yau da jadawalina ake hawan tudun nan kowace Ista, Mama Ladi da Mama Asabe a gaba suna gardamar wadda ta fi sauri. Akwatin Jumma'a yana nan fari kamar yadda na bar shi, kuma duk wanda ya cike shi bayan raina ba da yawuna ba. Abu ɗaya na goge da hannuna: lokacin isowa. In sun iso, a buɗe musu. Jar tutar kuwa Mama Ladi ta karɓe ta, tana korar ƙuda da ita a kan kifi a Kado, kuma ta ce ta fi amfani a can.

Saura abu ɗaya. A shafin farko na Littafi Mai Tsarkin mahaifiyarku, inda muke rubuta haihuwa da mutuwa, Bulus ya rubuta ranar da ta rasu, da rubutu mai kyau kuwa. Amma akwai layi guda a samansa da ba a taɓa ba. Hannuna yana rawa yanzu, ba na so in ɓata shafin, kuma ko da ba ya rawa, da hannunka nake so, Bulus, ka zo ka zauna a teburin nan ka rubuta shi ina kallo: Lahadin Ista ta shekarar da ta rasu, ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu na safe, Rifkatu ta miƙe da ƙafafunta, ta buɗe ƙofa da kanta.